Alkafurar Jibirin Akawu

Yaran unguwarmu ta New Bell na yanzu sun san shi ne da tsohon nan mai karkataccen wuya da ke zama a bakin masallacin layinmu, hannun dama a aljihun riga rani da damina. Wasu suna cewa babur ne ya kaɗe shi, wasu su ce da haka aka haife shi. Duk shaci-faɗi ne. Ni na san abin da ya same shi, don ina tsaye a wajen, kuma da hannuna a ciki.

Sunansa Jibirin, a unguwa ana ce masa Jibirin Akawu. A nan Duwala aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya biyo garken shanu daga Arewa ya zo ya zauna yana fawa, ubansa ma wuƙar ya gada. Shi kaɗai a gidan aka kai makarantar Faransanci, lokacin da kai yaro can abin tsegumi ne. Ya yi karatu har ya sami takarda, wani kamfanin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ya ɗauke shi. Shekara ashirin da biyu yana buga takardun kwastan a kan keken rubutu ɗaya, a bakin taga ɗaya.

Mutum ne dogo, siriri, mai tabon salla a goshi. Kullum cikin farar shat yake, wadda ta sha guga da dutsen gawayi. Layinmu kuwa duk wanda ya san shi ya san kwatami ne da katakai a kai, amma Jibirin zai ratsa shi ya fita titi ba ɗigon laka a wandonsa. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Ko ruwa ya goce, tafiyarsa ɗaya ce, sai dai ya buɗe lema. Da yamma mutane su yi layi a ƙofar ɗakinsa, wannan takardar haihuwa, wancan wasiƙa zuwa ga hukuma, ya cika wa kowa, ladansa a ce Allah ya saka.

Ni sunana Bukar, malamin motsa jiki ne a wata sakandaren gwamnati, shi ya sa kowa ke kirana Metir, wato malam da Faransanci. Jibirin ya girme ni da shekara goma. Takardar da na nemi aikin malanta da ita ma shi ya rubuta mini, ya kuma gyara mini zaman taye ranar da zan tafi.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda muke kira kiriz, wato matsin tattalin arziki. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. An zaftare albashinmu sau biyu a shekara guda, aka zo aka karya darajar kuɗin ƙasar, shaguna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin su Jibirin ya sallami mutane da takarda mai layi huɗu, kuma shi aka ba wa ya buga ta, har da tasa. Ya fi shekara a gida. Duk da haka kowace safiya sai ya goge farar rigar nan, ya ɗauki jakar takardu ya bi ofisoshi. Matarsa Larai ta kafa kasko a ƙofar gida tana tuyar fanke, a layin da mata shida suka riga ta kafa nasu.

'Ya'yansu uku, ƙaramar Bilki, shekararta huɗu. Wanda ke riƙe da gidan a lokacin shi ne yayan Larai, Alhaji Zailani, mai sayar da atamfa a Kasuwar Kongo. Kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. Shi ma rumfarsa ta koma wurin hira, sai a wuni ba a yanka yadi ɗaya ba, ga nasa iyalin. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsayar da Jibirin a gefen masallaci, ina kusa ina jin su.

"Malam Jibirin, na yi iya yina," in ji Alhaji. "Kafin yara su koma lakol, in an buɗe makarantu a watan tara, in babu aiki, Larai da yara za su tafi Ngaundare wajen Inna. Can ko ba komai akwai masara a rumbu."

"Yaya Alhaji, a ƙara mini lokaci kaɗan."

"Ba ni ke da lokacin ba. Ka yi haƙuri."

Mu duka mun san yadda irin wannan tafiya take. Gida huɗu a layinmu aka yi musu haka, aka ce kafin abubuwa su daidaita, kuma babu wadda ta dawo.

Ranar Lahadi sai ga shi a ɗakina da wata takarda. Sata ta yi yawa a gari, kamfanonin masu gadi suna ta ɓullowa, wani sabo a bayan unguwar Ndokoti yana neman mutum talatin. Sharaɗin shi ne gwajin ƙarfi: gudu, ɗaga jiki da hannu sau ashirin, da abin da takardar ta kira rulad, wato alkafura ta gaba.

Na karanta na ji raina ya ɓaci. Me ya haɗa mai buɗe ƙofa da alkafura? Daga baya na ji wani tsohon ajidan, wato ƙaramin hafsan jandarma, aka ba wa zaɓen, shi kuma ya kwaso gwajin da aka yi masa yana ɗan shekara ashirin ya ɗora wa magidanta. Mutane sun yi yawa, ana neman abin tankaɗe su, shi ke nan dalilin.

"Metir, ka koya mini," in ji Jibirin.

"Yaya Jibirin, shekararka arba'in da biyar."

"Takardar ba ta ce komai a kan shekaru ba. Na duba sau uku."

"Ka taɓa wuntsila gudidi kana yaro?"

Ya ce, "Baba ba ya bari in ɓata kayan lakol."

Da na ce masa a'a a ranar, da ya ji haushina na mako biyu ya huce. Amma ina jin nauyinsa, kuma in faɗi gaskiya akwai girman kai a ciki. Na koya wa yara sama da dubu wannan abu, har da masu ƙiba da masu tsoro, ban ga dalilin da zai sa akawu ɗaya ya gagare ni ba. Muna da mako biyar.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kada kowa a unguwa ya gani. Na samo mana bayan shagon wani kafinta a unguwar Nkololun, rumfar kwano mai yoyo, muka jera buhunan garin katako guda huɗu muka shimfiɗa tsohon bargo. Da hantsi muke zuwa, lokacin da injin yankan katako ke ƙara, ba mai jin faɗuwar mutum. Damina ce, ruwan Duwala kuwa in ya fara sai ya yi kwana uku bai ɗauke ba. Jibirin zai cire farar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya tsaya da singileti da wandon ƙwallo da na ara masa, ƙafafu kamar sillen kara.

Gudu da ɗaga jiki ba su ba mu wahala sosai ba, mutumin da ya shekara yana yawon ofisoshi da ƙafa yana da numfashi. Alkafurar ce matsala. Abin ba wuya a faɗe: ka tsugunna, ka dafa tafin hannu biyu a ƙasa, ka manna haɓa a ƙirji, ka ɗaga ɗuwawu, ka tura da ƙafa, ƙeya da kafaɗu su taɓa ƙasa, bayan ya mirgina a dunƙule, ka miƙe ƙafafu a haɗe. Kai ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan. Yaro ɗan shekara shida a rana ɗaya yake kamawa.

Jibirin ya tsugunna, ya dafa hannu, sai ya miƙa wuya ya ɗora goshi a kan bargon, hanci na bi. Ya tsaya a haka.

"Ba goshi ba, Yaya. Ƙeya."

Ya sake. Goshi. Na danna masa kai da hannuna, ina sakewa wuyan ya miƙe da kansa. Kwana uku muna wannan, ina faɗa yana ba ni haƙuri, har na fara ɗaga masa murya yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. A rana ta huɗu na koma gefe ina kallonsa daga nesa, sai na gane. Yatsunsa a haɗe suna kallon gaba, gwiwar hannu a buɗe, goshi da hanci a ƙasa. Sujada yake yi.

Na gaya masa. Ya zauna a kan buhu yana share garin katako daga fuskarsa.

"Tun ina shekara bakwai," ya ce. "Jikina bai san wata hanyar kai kai ƙasa ba sai wannan. Ina jin abin da kake faɗa, Metir, amma da hannuna ya taɓa ƙasa sai wuyan ya riga ni."

A makaranta, yaron da ke ɗaga haɓa hankici nake naɗewa in sa masa a wuya in ce kada ya faɗi. Ranar ba ni da hankici, amma kafintan yana da goro a aljihu. Na karɓi ɗaya babba, ja, na sa wa Jibirin tsakanin haɓa da ƙirji.

"In goron nan ya faɗi, ka faɗi jarrabawa."

Ya matse shi, ya dafa, ya tura. Na tallafi ƙugunsa, ya wuce ya zube a ɗaya gefen a zaune, ido a warwaje, goron na nan. Ya yi wata dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba, har kafintan ya leƙo. Ni ma na ji daɗi ƙwarai, na riƙa ganin kaina gwani.

Daga nan abu ya tafi. Mako na biyu ya daina buƙatar hannuna, mako na uku yana miƙewa tsaye ba tare da dafa ƙasa ba. Kullum da goronsa, sabo yake saya a hanya, in mun gama ya fasa mu raba. A mako na ƙarshe yana jera uku a jere, tsaf, da zan ba shi maki da ya fi rabin ɗalibaina. Abin da ban yi ba, wanda duk malamin da ya san aikinsa zai yi, shi ne in karɓe goron in ce ya yi babu shi. Na yi tunanin haka sau biyu. Na farko ruwa ya kore mu, na biyu na ga yana cikin farin ciki na ce bari sai gobe. Ban kuma taɓa sauke shi daga kan buhu ya gwada ƙasa mai tauri ba.

Ranar gwaji ya aske gemunsa saboda furfura, fuskar ta zama kamar ta wani. Muka ratsa cunkoson Ndokoti da ƙafa. Wurin wani tsohon sito ne, daɓen siminti, mutane sun fi ɗari biyu. Na ga malamai, na ga wani da na sani da yana aikin banki, na ga samari masu digiri. Mu 'yan rakiya aka tsayar da mu a bakin ƙofa.

Ajidan ɗin gajere ne mai tumbi, da usur a wuya da sanda a hammata. Gudu ya zubar da kusan rabi. Jibirin ya shigo cikin na ƙarshe-ƙarshe, amma ya shigo. Ɗaga jiki ya yi ashirin cif. Aka zo alkafura, sai na ga abin da suka shimfiɗa: kwali ne na firji, falle ɗaya, a kan siminti.

Aka kira lambarsa. Ya fito, ya sa hannu a aljihun wando ya ciro goron, ya ɗaga kai zai sa a wuya.

"Hé, le père, c'est quoi ça?" in ji Ajidan, wato kai baba, mene ne wannan. Ya matso ya ƙwace, ya jujjuya shi, ya ɗaga wa jama'a. Da Faransanci ya ce shi ya san Hausawa da asirinsu, ba a shigo masa da laya nan. Aka yi dariya. Jibirin ya fara bayani cikin Faransancinsa mai tsabta, na ofis, wanda ya fi na ajidan ɗin nesa ba kusa ba, kuma ina jin wannan ya ƙara ɓata lamarin. Ajidan ya jefa goron waje ta taga.

"Ka yi ko ka fita. Akwai mutane a bayanka."

Na ɗaga murya daga ƙofa na ce, "Haɓa a ƙirji, Yaya." Ban sani ba ko ya ji. Ya tsugunna, ya dafa hannu biyu a kan kwalin. Na ga haɓar ta sauka, na ga ta tsaya, sannan a hankali wuyan ya miƙe, goshi ya sauka a ƙasa. Da a Nkololun ne da nan zai tsaya in gyara shi. Amma mutum ɗari na kallo, usur na bakin ajidan, sai ya tura da duk ƙarfin da mako biyar suka tara masa a ƙafa. Nauyinsa gaba ɗaya ya hau kan wuyan, jikin ya tsaya a sama ɗan lokaci, sannan ya kife ta baya. Na ji ƙarar daga inda nake.

Ya miƙe. Wallahi ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannuwa yadda na koya masa, na dama bai kai na hagu ba. Ajidan ya taɓe baki ya ce ba kyau amma ya wuce, ya sa alama a takarda. Da aka karanta sunaye talatin, Jibirin ne na ashirin da shida. Aka ce su zo Litinin su karɓi kaki.

A hanya ya ƙi yarda mu hau mota, wai girgiza za ta dame shi. Yana tafe kai a karkace, yana murza yatsun dama da na hagu.

"Kamar tururuwa ke bi na a hannu," ya ce. "Zai wuce. Kada ka gaya wa Larai."

Labari ya riga mu isa. Larai ta raba fanke kyauta a layi, Alhaji Zailani ya zo da kansa ya yi masa barka, ya ce maganar tafiya ta mutu. Jibirin na zaune a kan tabarma yana amsa gaisuwa da hannun hagu a ƙarƙashin na dama, yana tallafe da shi. Ni kaɗai na lura, na kuma yi shiru don ya ce in yi shiru.

Asabar da safe hannun ya ƙi ɗaguwa. Muka tafi wajen wani maɗori a ɓoye, ya ce gocewa ce, ya sa aka riƙe kafaɗu ya ja kan. Jibirin ya suma. Da ya farfaɗo, yatsu biyun da ke motsi da safe su ma sun daina. Wannan ma ni na kai shi.

Duk da haka ranar Litinin ya je, ni na raka shi. Aka ba shi kaki da hula, aka ce kowa ya sa a nan a jeru a sara wa ajidan. Ya shiga rigar da ƙyar, maɓallai suka gagare shi da hannu ɗaya. Yana tsaye a layi riga a buɗe, aka ce a sara, hannu ashirin da tara suka tashi. Ajidan ya zo gabansa ya ɗaga hannun da sandarsa, ya saki, hannun ya faɗo.

"Ashiya, Papa," ya ce, wato sannu. Ba da mugunta ya faɗa ba, har ya dafa masa kafaɗa. Sannan ya ce a karɓi kakin a kira na talatin da ɗaya.

A asibiti suka ce jijiya ce ta lalace a wuya, aikin sai a ƙasar waje, suka ba shi abin ɗaure wuya da ƙwayoyi. Alhaji Zailani ya ƙara musu mako biyu a kan wa'adinsa, abin da zai iya ke nan. Larai ta ce ba za ta tafi ta bar shi a haka ba. Jibirin da kansa ya ce ta tafi, don ya ga yadda wuyan yaran ya fara tsawo don yunwa. Ba su dawo ba. Manyan biyu sun girma a can sun yi aure a can, Larai ta rasu bayan shekara shida, Bilki kuwa sau biyu ta zo Duwala, tana gaishe shi kamar baƙo. Shi ya koyi rubutu da hagu, yana cika wa mutane takardu a bakin masallaci, rubutun duk a karkace, har aka daina kawo masa.

Ranar tafiyar da sassafe muka kai su tashar jirgin ƙasa. Ni da Alhaji muka ɗauki kaya, Jibirin na biye da mu da ledar burodi a hannun hagu. Jama'a sun yi maƙil, ana turereniya a ƙofar tarago, matakalar kuma tana da tsawo. Larai ta hau, manyan suka hau. Bilki ta juyo ta ɗaga wa ubanta hannu biyu ya ɗora ta. Ya ajiye ledar, ya sunkuya ya zagaye ta da hannun hagu, ya ɗaga, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa, ana zaginmu daga baya mun tare hanya. Na ɗauke ta na miƙa wa uwarta. Yarinyar na kallonsa ta kafaɗata, ba ta gane dalilin da ya sa ya ƙi ɗaukarta ba.

Da jirgin ya tashi Alhaji ya wuce kasuwa. Mu biyu muka kamo hanyar New Bell. Na so in ce masa laifina ne, na shirya maganar tun daga tasha, bakina ya ƙi buɗuwa. Mun kusa gida ya tsaya, ya juyo da jikinsa duka, don wuyan ba ya juyawa.

"Metir, ranar nan da na miƙe, ƙafafuna a haɗe suke?"

"A haɗe suke, Yaya."

"To," ya ce. Ya shiga gidan, na ji yana jan ƙofar ɗaki da hannu ɗaya tana ƙin rufuwa.